Tambaya kan tarihin kulob ɗin tanis na Sportsmen's da ke Boston: yaya jama'ar unguwa suka riƙe shi sama da shekara sittin?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da ma'abota wannan zaure, manya da ƙanana, tare da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

A bayan unguwarmu akwai filayen tanis guda biyu da aka gina tun zamanin da ma'aikatan gwamnati ke zaune a rukunin gidajen da ke wurin. Yanzu simintin ya tsattsage, ciyawa ta fito ta cikin tsagogin, turakun raga sun yi tsatsa, kuma da yamma awaki ne ke kwanciya a inda ake tsayawa a buga ƙwallon farko. Mu 'yan kaɗan mun fara shawarar gyara wurin domin yaran unguwa, sai wani ƙanena da ke karatu a Amurka ya ba ni labarin wani kulob da ake kira Sportsmen's a birnin Boston. Ya ce baƙaƙen fata mazauna unguwa ne suka kafa shi, ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani attajiri ba ne, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowa.

Wannan ne ya ɗaure mini kai, domin kulob iri biyu kawai na sani: na manyan mutane, wanda talaka ba ya shiga sai dai ya je tsintar ƙwallo, da kuma na hukuma, wanda yakan mutu da zarar an sauya shugaban da ke son wasan. Ina roƙon duk wanda ya san tarihin wannan kulob ya yi mana bayani: su wane ne suka kafa shi, a ina suka sami fili da kuɗi, kuma mene ne ya hana shi rushewa bayan ragamarsa ta bar hannun waɗanda suka assasa shi? Allah Ya saka da alheri.

Baƙon Mattapan ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta faɗo a kan gaɓa, domin ina zaune a Mattapan, wata unguwa a Boston, kuma motar bas mai lamba 28 da nake hawa tana bin titin Blue Hill Avenue, inda kulob ɗin yake, a yankin Dorchester.

Wani mutum mai suna Jim Smith da matarsa Gloria Smith ne suka kafa shi a shekarar 1961, tare da abokansu masu sha'awar wasan. Kafin a fahimci nauyin abin da suka yi, sai an san matsayin tanis a Boston a wancan lokaci. Garin ba baƙon wasan ba ne ko kaɗan: a kulob ɗin Longwood, wanda aka kafa tun 1877, aka buga gasar kofin Davis ta farko, wato gasar tanis tsakanin ƙasashe, a shekarar 1900. Sai dai Longwood da ire-irensa kulob ne na masu hannu da shuni, waɗanda ba a shiga sai an gabatar da mutum an kuma amince da shi. Yaron da ya tashi a Roxbury ko Dorchester, tsakaninsa da irin waɗannan wurare tafiyar 'yan mintuna ce a mota, amma a zahiri kamar wata ƙasa ce daban.

Su Smith ba su fara da gini ba. Sun shafe shekaru suna koyar da yara a filayen da hukumar birni ta tanada a wuraren shaƙatawa na unguwanni, kuma a nan ne suka ci karo da matsalar da mu mutanen ƙasashe masu zafi ba ma tunaninta, wato hunturu. A Boston, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris ba a iya dogara da filin waje, saboda sanyi da dusar ƙanƙara, ga shi kuma a tsakiyar hunturu rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma. Yaron da ya koyi wasa a bazara sai ya ajiye raket kusan rabin shekara, alhali ɗan mai kuɗi yana can yana atisaye a fili mai rufi da ɗumi. Saboda haka suka ɗaura ɗamarar neman gini nasu na kansu, kuma a farkon shekarun 1970 suka buɗe filaye masu rufi a gefen Franklin Field, wanda babban filin shaƙatawa ne mallakar birnin. Shi ya sa kulob ɗin yake gabatar da kansa a matsayin na farko a Amurka mai filaye masu rufi, marar neman riba, wanda baƙaƙen fata suka gina domin al'ummarsu. Daga baya an sauya wa wancan babban filin suna zuwa Harambee Park. Kalmar ta Swahili ce, taken ƙasar Kenya, kuma ma'anarta ba ta da nisa da abin da muke kira aikin gayya.

Lokacin da suka yi wannan gini ba lokacin kwanciyar hankali ba ne. Titin Blue Hill Avenue a da cibiyar Yahudawan Boston ne, amma a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 yawancinsu suka tashi, baƙaƙen fata suka maye gurbinsu, shaguna da dama suka rufe, jari ya gudu daga yankin. A 1974 kuma alƙali Garrity ya yanke hukuncin a riƙa kwasar ɗalibai a motoci zuwa makarantun wasu unguwanni domin kawar da wariyar launin fata, garin ya rikice da zanga-zanga da jifan motocin 'yan makaranta. A cikin wannan yanayi ne wasu iyaye suke tura 'ya'yansu koyon wasan da ake yi wa kallon na Turawa masu kuɗi.

Game da kuɗi, wanda na ga shi ne ainihin damuwarka, tsarin yana da ƙafa uku. Ta farko, manya suna biyan kuɗin zama mamba da na hayar fili awa-awa, da na darasi, kuma ba sai baƙar fata ko ɗan unguwa ba. Duk wanda ya zo da kuɗinsa zai yi wasa. A lokacin hunturu fili mai rufi abin nema ne ruwa a jallo a Boston, don haka rufin da aka yi domin yara shi ne kuma ya zama hanyar samun kuɗin shiga. Abin da manya suka biya shi ke rage wa yara nauyi. Ta biyu, gudummawar gidauniyoyi da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane, har da liyafar neman tallafi da ake shiryawa duk shekara. Ta uku, aikin 'yan sa-kai. Tsawon shekaru wurin yana da filaye bakwai masu rufi da wasu bakwai a waje, kuma wannan yawan ne ya sa ake iya raba lokaci tsakanin masu biya da masu koyo ba tare da an kori wani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka faɗaɗa aikin ya wuce buga ƙwallo, har sunan ya koma Sportsmen's Tennis and Enrichment Center. Yara suna zuwa bayan an tashi daga makaranta, a zaunar da su su yi aikin gida da karatu, sannan su shiga fili. Akwai kuma shirin daren Juma'a da ake kira Volley Against Violence, inda 'yan sandan Boston ke zuwa su yi wasa da yaran unguwa kyauta. Na kai 'yata sau da dama. Ranar farko ta maƙale a jikina saboda ƙarar ƙwallaye da ihun yara da ke amsa kuwwa a cikin rufin, sai wata yarinya da ba ta fi shekara goma sha biyu ba ta zo ta miƙa mata ƙaramin raket da ƙwallo mai laushi irin ta masu koyo, ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake riƙewa kamar za a yi musafaha. Ban biya ko sisi ba a wannan dare. A ganina wannan faɗaɗawa ba ado ba ne, dabarar rayuwa ce, domin gidauniyar da ba za ta ba da kuɗi don wasa kawai ba, za ta bayar don karatun yara da lafiyarsu.

Malamar Tarihi ta amsa:

Assalamu alaikum. Na ji daɗin bayanin Malam Baƙon Mattapan, kuma ba ni da ja a kan abin da ya gani da idonsa. Sai dai ina so in ja hankali kan kalmar nan ta «na farko», domin kada mai karatu ya ɗauka cewa kafin 1961 baƙaƙen fatar Amurka ba su da kulob na tanis. Suna da su tun da daɗewa, kuma Sportsmen's reshe ne na wata tsohuwar bishiya.

An kafa kulob ɗin Chicago Prairie a 1912. A 1916 wakilan kulob-kulob na baƙaƙen fata suka haɗu a birnin Washington suka kafa ƙungiyar American Tennis Association, saboda ƙungiyar tanis ta ƙasa ba ta barinsu shiga gasanninta. A watan Agustan 1917 suka yi gasarsu ta ƙasa ta farko a Druid Hill Park da ke Baltimore, inda Tally Holmes ya yi nasara a ɓangaren maza, Lucy Diggs Slowe kuma a ɓangaren mata. A lura cewa Druid Hill filin gwamnati ne, amma ko a can an ware wa baƙaƙe nasu filayen daban. A ranar 11 ga Yulin 1948 wasu matasa, farare da baƙaƙe, suka shiga filayen da aka keɓe wa farare suka fara wasa tare da gangan, 'yan sanda suka kama sama da mutum ashirin. Ina kawo wannan ne don Malam mai tambaya ya gane cewa kasancewar fili na gwamnati ba ya nufin na kowa ne. Sai da aka yi gwagwarmaya kafin kalmar ta yi ma'ana.

Misalin da ya fi kusa da tambayar shi ne kulob ɗin Cosmopolitan na unguwar Harlem a New York. Kulob ne na likitoci da lauyoyi da sauran masu rufin asiri a cikin baƙaƙen fata. A farkon shekarun 1940 aka kawo musu wata yarinya 'yar talakawa da aka gani tana buga wasa a kan titi, aka yi mata karo-karo aka biya mata kuɗin mamba da na darasi a hannun kocin kulob ɗin, Fred Johnson, mutumin da hannu ɗaya gare shi. Yarinyar ita ce Althea Gibson. Ta lashe gasar mata ta ƙungiyar baƙaƙen fata sau goma a jere daga 1947, a 1950 ta zama baƙar fata ta farko da ta buga gasar ƙasa ta Amurka a Forest Hills, ta ci gasar Faransa a 1956, sannan ta ci Wimbledon a 1957 da 1958. Shi ma Arthur Ashe, shahararren ɗan wasan tanis baƙar fata, a filin gwamnati na baƙaƙe ya fara, wato Brook Field a Richmond, inda mahaifinsa ke aikin kula da wurin, kafin Dakta Robert Walter Johnson ya ɗauke shi zuwa filin da ya gina a gidansa a Lynchburg.

To a nan ne nake ganin darasin yake. Cosmopolitan ya fitar da gwarzuwar duniya, amma yau babu shi. Da aka buɗe wa baƙaƙen fata ƙofofin da a da aka rufe musu, da yawa daga cikin irin waɗannan kulob-kulob sun rasa masu riƙe su, domin kulob ne na mambobi, rayuwarsu ta rataya ga aljihu da sha'awar rukuni ɗaya na mutane. Bambancin Sportsmen's shi ne ya yi rajista a matsayin ƙungiyar jin ƙai ƙarƙashin sashen dokar harajin Amurka da ake kira 501(c)(3). Ƙungiyar da ke ƙarƙashin wannan sashe ba ta da mamallaki. Idan kuɗi ya yi rara ba a rabawa, sai a mayar da shi cikin aikin. Kwamitin amintattu ne ke sa ido a kan shugaban gudanarwa, kuma duk shekara ana miƙa wa hukumar haraji takardar bayanin shige da ficen kuɗi da ake kira fom 990, wadda kowa yana da damar dubawa. Wanda ya ba da gudummawa ana rage masa haraji, kuma ko da ƙungiyar ta rushe, dukiyarta ba ta komawa gidan kowa, sai dai ta tafi ga wani aikin jin ƙai. Duk wanda ya karanta babin waƙafi a fiƙihu zai ga kamanni, ko da yake tushen dokokin ba ɗaya ba ne.

Haɗa wasa da karatu ma ba su kaɗai suka yi tunaninsa ba. A 1969 Ashe da Charlie Pasarell da Sheridan Snyder suka kafa shirin National Junior Tennis League domin kai wasan ga yaran unguwannin talakawa, a 1972 kuma Claude Cargill da Bill Brown suka fara nasu shirin na yara a wani babban zauren sojoji a Harlem, inda James Blake, wanda daga baya ya zama fitaccen ɗan wasan tanis, ya yi wasa yana yaro.

Tsohon Mai Tsintar Ƙwallo ya amsa:

Malama, Allah Ya ƙara basira. Ni ba masanin tarihi ba ne. Na fara da tsintar ƙwallo ina yaro a wani kulob na manya a Kaduna, yanzu kuma tuƙin tasi nake yi a New York, amma ina so in ƙara abu ɗaya da takardun rajista ba sa nunawa, wato aikin hannu.

A nan Manhattan, a cikin Riverside Park daidai titi na 96, a bakin kogin Hudson, akwai filaye goma na jar ƙasa. Mallakar birni ne, amma a shekarun 1980, bayan matsin tattalin arzikin da ya sa hukuma ta kasa kula da wuraren shaƙatawa yadda ya kamata, masu wasa a wurin suka kafa ƙungiyarsu mai suna Riverside Clay Tennis Association suka karɓi ɗawainiyar kula da su. Filin jar ƙasa kamar jariri yake. Kullum sai an ja masa tabarma ko buroshi mai faɗi a baje ƙasar, a share layuka, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a bi da abin daddaɓewa. Idan ruwan ya yi kaɗan iska ta kwashe ƙasar, idan ya yi yawa ta zama taɓo. Na yi wannan aikin da asuba shekaru a gida, kuma na san cewa sati biyu na sakaci sun isa su lalata aikin wata shida.

Malam Ɗan Tudun Wada, naku na siminti ne, amma shi ma yana da nasa cin kuɗin. Tsawon fili mita 23.77 ne, faɗinsa na wasan mutum bibbiyu mita 10.97, ban da sararin gudu a baya da gefe, wanda idan aka haɗa shi za a ga wurin da za a shafe ya ninka filin wasan fiye da sau biyu. Tsaga idan aka toshe ta sama-sama, damina ɗaya za ta sake buɗe ta. Raga tana ruɓewa a rana, ƙwallo tana saki bayan 'yan wasanni, igiyar raket tana tsinkewa. Kulob ɗin da na tashi a cikinsa an taɓa yi masa gagarumin gyara, aka yi biki aka yanka ƙyalle, amma ba a ware ko kwabo na kulawar wata-wata ba, kuma albashin mai ban ruwa ya riƙa makara har ya gaji ya koma gona. Kuɗin gyaran farko ba shi ne wahala ba, domin ana samun mai son a ambaci sunansa. Wahalar ita ce kuɗin raga ta uku da ta huɗu.

Baƙon Mattapan ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran Malama hannu bibbiyu. Ina so kawai in ƙara da cewa rajistar ita kaɗai ba ta riƙe kulob. Ƙungiyoyi marasa neman riba da yawa a Amurka suna da takardunsu cif, amma sun mutu tare da mutumin da ya kafa su, domin komai a kansa yake. Sportsmen's ya tsallake wannan siraɗi ne da ya koma hannun kwamiti da ma'aikata masu albashi, kuma Toni Wiley, wadda ta daɗe tana shugabantarsa, ta ba da ƙarfi sosai ga ɓangaren karatu da lafiyar al'umma. Akwai masu ganin cewa idan aka cika ba da ƙarfi a can, horar da zakaru zai ja baya. Ni dai a matsayina na uba ban damu ba, domin cikin yara ɗari da ke cika wurin ranar Juma'a, da wuya a sami ɗaya da zai ci abinci da raket, amma dukkansu za su zauna jarrabawa.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Na gode ƙwarai da gaske, Malama da Malamai. Na karanta wa abokan shawarata amsoshinku jiya bayan sallar isha'i, kuma mun lura cewa mun fara gini ne daga sama, domin duk zamanmu na baya a kan farashin siminti da fenti muka yi shi, babu wanda ya taɓa tambayar ko filin a hannun wace hukuma yake a takarda. Mun wakilta mutum biyu su bi sawun wannan a cikin makon nan, domin mu nemi izini a rubuce na shekaru masu yawa kafin mu zuba ko bulo ɗaya. Mun kuma amince cewa ma'aikatan da ke son wasa da yamma za su riƙa biyan kuɗin wata, a bar wa yara safiyar Asabar da Lahadi kyauta, sannan a buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku.

Malam Tsohon Mai Tsintar Ƙwallo, ranka ya daɗe, ina da sauran tambaya gare ka. Ɗaya daga cikin filayen tsagarsa ta ratsa daga turken raga har zuwa layin baya, kuma gefe ɗaya ya ɗan nutse, ruwa yana kwanciya a wurin bayan an yi ruwan sama. Shin irin wannan yana gyaruwa da toshewa, ko kuwa gara mu bar shi tukuna mu tattara ƙarfinmu a kan ɗayan?